Takardu Ukun da Na Ɓoye wa Kaka Nora

Zangona na farko a Amurka wani ɗaki ne a ƙarƙashin gida a garin Clinton kusa da Washington, mai taga ɗaya tal, wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Wanda ya kai ni can ɗan garinmu ne, Bala, wanda tun ina Malumfashi ake ba ni labarin cewa shi ne uban baƙi a Washington. Ya tarbe ni a filin jirgi da runguma har da ƙwalla, wai ƙanshin gida nake yi. Ya karɓi ɗan abin da na taho da shi na haya, ya miƙo mini makulli, ya ce ɗaki nawa ne ni kaɗai, in miƙe ƙafa.

Ban gama miƙe ƙafar ba sai ga wani dogon ɗan Gana ya buɗe ƙofa da nasa makullin. Washegari wani ɗan Nijar ya buɗe da nasa. Ashe mu uku Bala ya ba wa ɗaki ɗaya da katifa ɗaya. Ɗan Nijar ɗin ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kai ma ƙanshin gida ya ce kana yi ko?" Na ce haka ne. Ya ce, "To sannu da zuwa." Daga ranar wayar Bala ba ta ƙara shiga ba, ni kuwa har yau in na tuna ƙwallan nan tasa sai in ji raina ya ɓaci.

Sunana Nuhu. Tarihi na karanta, na kuma yi shekara bakwai a gida ina aikin adana tsofaffin takardun zamanin Turawa, ina kakkaɓe musu ƙura ina ceto su daga bakin gara. Digiri na biyu a kan wannan aikin ya kawo ni. Na baro matata Rakiya da cikin wata biyar, da alkawari guda: in gama karatu, in sami wurin aikin da zai nema mini takardar zama, in ɗauko ta da abin da ta haifa. An haifi 'yata Hafsa ina nan. An raɗa mata suna ina tsaye a tashar bas ina kallo ta waya, sanyi yana yanka mini kunne. Ban taɓa ɗaukarta a hannuna ba. Duk abin da na haɗiye a ƙasar nan, don takardar nan guda ɗaya na haɗiye shi.

Wata huɗu na yi a ɗakin ƙasan nan muna karɓa-karɓar katifa kafin Allah ya haɗa ni da Anti Saratu. A wani shagon kayan miyar Afirka ne, na ɗauki ɗan ƙullin kuka na ga farashinsa, bakina ya suɓuce na ce, "Kai! Wannan ai rashin imani ne." Sai na ji murya a bayana ta ce, "Ajiye musu kayansu, ina da ita a gida buhu guda. Kai ɗan ina ne?" Nas ce, 'yar Pankshin, Kirista, ta shekara ashirin da wani abu a ƙasar. Ta kai ni gidanta ta yi mini gwaten acca, ta zauna tana kallona ina ci kamar wanda ya fito daga kurkuku. Da ta ji labarin Bala sai ta yi tsaki ta ce, "Kwaso tsummokaranka. Ɗakin ɗana yana nan ba kowa tun da ya yi aure. Ni ba na iya ganin ɗan arewa yana lalacewa a titi." Ta ware mini tukunya da cokali nawa ba tare da na roƙa ba. In azumi ya zo kuwa, ko ta dawo daga aiki a gajiye sai ta dama mini kunu ta rufe. Jikokinta suna jin Hausa sarai, amma in na ce "Kun tashi lafiya?" da Turanci suke mayar mini.

Shekara biyun karatu ba ni da abin faɗa a kansu sai sanyi da kaɗaici. Na gama, aka ba ni izinin aiki na shekara ɗaya. Dokar a fili take: kafin shekarar ta cika, ko dai wani wurin aiki ya tsaya maka ya nema maka takarda mai tsawo, ko ka tattara ka koma inda ka fito.

Nan na shiga zangon yawo. Na taka unguwar Southwest ta Washington har takalmina ya ci, tsakanin manyan gine-ginen gwamnati masu kama da juna, da fayil ɗina a hammata. Ko'ina akwai tsofaffin takardu jibgi suna neman mai kula da su, amma ko'ina amsar ɗaya ce, cikin fara'a: wannan aikin na 'yan ƙasa ne. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Wallahi wani lokaci har gara a zage ni, in san da mutum nake magana. Wata uku suka tafi a haka, Rakiya tana tambaya ina ce mata an kusa.

Sai wani aiki ya faɗo a garin Laurel, kusa da Washington. Wata ƙaramar cibiya ce mai zaman kanta, ta kama hayar ɓangaren wani sito a bayan tashar jirgin ƙasa, tsakanin masu ajiye tayoyi da masu ajiye kayan ɗaki. Shugabar wurin Madam Karen, mace siririya mai tabarau a wuya, ba ta da yawan dariya amma ba ta da mugunta. Ta nuna mini kwalaye arba'in da biyu a jere a kan kanta ta ce, "Ga aikinka. Ka jera su, ka ba kowace takarda lamba, ka ɗauki hotonta, ka rubuta abin da ke ciki. In ka yi aiki mai kyau, ni zan sa hannu a nema maka takardarka." Na ji kamar in durƙusa mata.

Takardun wani babban gida ne na masu ƙasa a yammacin Ireland. Ba zan faɗi sunan gidan ba, na sa hannu a kan haka. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna mallakar gonaki da duwatsu da fadamu, talakawa suna noma a ƙarƙashinsu suna biyan haya. Da zamani ya juya aka sayar da gidan, magajin ƙarshe ya ƙaura zuwa jihar Maryland ta Amurka ya mutu ba ɗa ba jika, takardun suka yi shekaru a sito kafin cibiyar ta same su. Akwai littattafan haya masu bangon fata, da taswirar gonaki da aka zana da hannu kowane fegi da sunan mai noma shi, da takardun yarjejeniyar aure, da wasiyyoyi, da jerin sunayen barori, da wasiƙu ɗaure-ɗaure da jan zare.

Ban taɓa zaton Bature ma ya taɓa zama talakan wani Baturen haka ba. Na karanta wasiƙar wakilin gida yana ba da labarin ya cire wa wata gwauruwa jinkar ɗaki don ta tashi daga gona, a layi na gaba kuma yana tambayar lafiyar karen farautar maigida. Na ga jerin sunayen waɗanda aka loda a jirgin ruwa a shekarun yunwa don a rage baki a ƙasar. Rubutun hannun ma irin wanda na saba gani ne a fayilolin haraji da jangali na gida, mai kwanciya gefe ɗaya, mai tsafta, ba ruwansa. Wani lokaci sai in ajiye takarda in ce, Allah Sarki talaka, ko'ina ka je kai ne dai.

Ranar Alhamis ta farko na ga wata tsohuwa ta shigo da sanda da kwanon kek a hannu. Madam Karen ta ce, "Wannan ita ce Nora. Ita ta ba da abin da ake biyan wannan aikin da shi." Shekarunta tamanin da takwas. Ta yi rayuwarta tana buga keken rubutu a ɗaya daga cikin ofisoshin nan na Southwest da suka ƙi ni, ba ta yi aure ba, abin da ta tara duka ta zuba a kan kwalayen nan. Na ce mata a wurinmu ba a kiran sa'ar kaka da sunanta tsirara, don haka Kaka zan riƙa ce mata. Ta maimaita kalmar sau uku tana dariya, ta ce ta karɓa.

Ta zauna kusa da teburina ta faɗa mini abin da take nema. Kakarta, Brigid, ta sauka Amurka ita kaɗai tana yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, ta yi wankau da aikatau har ta tsufa. Kullum tana cewa, "Ni a babban gidan aka haife ni." 'Ya'yanta da jikokinta suka mai da maganar abin tsokana, suna ce mata gimbiya in ta ɗauko bokitin wanki. "Ni ma na yi mata dariya," in ji Kaka Nora. "Ina ƙarama lokacin. Ta dube ni ta ɗauki bokitinta ta wuce. Ina so in ga sunanta a takardun gidan nan kafin in mutu, Nuhu. Shi ke nan abin da nake so."

Daga nan kowace Alhamis sai ta zo. Da ta gane ba na cin abin da aka sa wa giya, sai ta canza yadda take yin kek ɗin, ta ce ya lalace amma ba komai. Ta saƙa wa Hafsa hula mai ruwan ganye, ba ta san zafin Malumfashi ba, ni kuma ban faɗa mata ba. Takan ce in nuna mata hoton yarinyar, ta kai wayar dab da idonta ta daɗe tana kallo. In ban da Anti Saratu, ba wanda ya tambaye ni labarin gida a ƙasar nan kamar tsohuwar nan.

Wata biyar ina aiki, na kai kwali na talatin da ɗaya. A cikinsa akwai wani ƙunshin wasiƙun uwargidan zuwa ga wakilinsu. Ina kwance zaren, takarda ta goma sha huɗu ta tsayar da ni. Uwargida ce take sanar da wakili cewa baiwar ɗakin girki, ko in ce 'yar aikinsu Mary, ta haihu a ɗakin sama, mace, kuma kowa a gidan ya san babban ɗan ita uwargidan ne uban. Ta ce a kai jaririyar wurin matar wani makiyayi a ƙarshen gona, kada ta taɓa amsa sunan gidan, uwar kuma a sallame ta. Takarda ta biyu amsar wakili ce, cewa an yi yadda ta ce, an sa wa yarinya suna Brigid. Ta uku bayan shekaru ce, layi huɗu kacal: yarinyar nan da kika sani ta fara kama da mutanen gidan, mutane suna magana, an sa ta a jirgi.

Na karanta su sau uku. Na duba bayana, Madam Karen tana can tana waya.

A nan dole in faɗi ko ni ɗan wane ne. Mahaifina shi ne mai wankan gawa a unguwarmu shekara talatin. Tun ina saurayi nake riƙe masa buta. Ranar da na fara shiga da shi, kafin mu ɗaga labule ya kama kunnena ya ce, "Abin da idonka ya gani a jikin mamaci, da kai za a binne shi. Wanda ya rufa wa mamaci asiri, Allah zai rufa nasa." Ya ga abubuwa da yawa a jikin manyan mutane, ya mutu bai faɗa wa ko mahaifiyarmu ba. Da wannan aka raine ni. Kuma a inda na fito, ka dubi tsohuwa mai shekara tamanin da takwas ka ce mata kakarta ba ta hanyar aure aka same ta ba? Ai ko maƙiyinka ne sai ka yi tunani sau biyu. Zuri'a guda ake rusawa da kalmar nan. Na tuno fuskar Kaka Nora tana cewa "babban gida" da alfahari, na ƙaddara a raina tana zaton kakarta 'yar gidan ce ta halak da wani rikici ya raba da danginta. Na ce wallahi ba da hannuna za a kunyata matar nan a ƙarshen rayuwarta ba, ba kuma da hannuna za a tone Mary da ta yi shekara ɗari a kabari ba.

Ban yaga su ba, ban fita da su ba. Na sa su a wani farin fayil mara suna, na tura shi bayan manyan taswirori a aljihun ƙasa, na ci gaba da ba sauran lamba kamar ba su taɓa wanzuwa ba. Na san dokar aikina sarai, ni da na yi digiri na biyu a kanta: ba a raba takarda da 'yan'uwanta, ba a zaɓar abin da za a nuna. Amma a ranar muryar babana ta fi ta malamaina ƙarfi, har wani sanyi na ji a raina kamar na yi sadaka.

Alhamis ta zo, Kaka Nora ta tambaya, na ce ba mu gani ba tukuna. Ta ce to.

Bayan sati biyu abin ya fara cina, na faɗa wa Anti Saratu muna cin tuwo. Ta ajiye lomar da ta ɗebo ta ce, "Ka yi me?"

Na sake faɗa mata.

Ta ce, "Nuhu, kana da hankali kuwa? Nan fa ba Malumfashi ba ne. Mutanen nan a talabijin suke zama su tone kakanninsu suna kuka suna jin daɗi. Gobe-goben nan ka mayar musu da kayansu."

Na ce, "Anti, ke in ke ce, za ki iya duban tsohuwar nan ki faɗa mata?"

Ta ture kwanon tuwon gefe. Can ta ce, "A gida ba zan iya ba. Ko a coci aka ji, an gama da gidan. Amma ba a gida muke ba, ƙanina. Ka tuna da Rakiya da yarinyar nan. Kada garin neman gira ka rasa ido."

Na ce zan mayar. Amma mayarwar ta zama aiki, don na riga na jera lambobi har kwali na talatin da biyu, kuma duk suna cikin kwamfutar da Madam Karen take dubawa. In na cusa takardu uku a tsakiya sai an tambaye ni daga ina. Kullum sai in ce gobe zan san dabara. Ana cikin haka Madam Karen ta kira ni ofis ta nuna mini takardun neman zamana a kan teburinta, lauya ya gama cikawa, saura sa hannunta a ƙarshen wata. Ta ce ba ta taɓa samun mai aiki da tsafta irina ba. Na fito ko tsayawa ban yi ba na kira Rakiya na ce mata an gama, ta fara shiri. Na ji guɗarta har cikin ƙashina. Daga ranar kuma tsoron taɓa fayil ɗin nan ya ninku, na ce bari dai a sa hannu tukuna.

Alhamis ta bakwai Kaka Nora ta zo ba kek. Ta ce hannunta ya ƙi riƙe ludayi. Ta zauna tana kallon kwalaye bakwai da suka rage, ta ce, "Alhamis ɗina ba su da yawa, Nuhu. In babu, ka faɗa mini babu. Wataƙila dai tatsuniya ce take yi mana." Aljihun taswirorin yana nan taku uku daga kujerarta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, "Akwai sauran kwalaye, Kaka." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, na raka ta har mota.

Ba ta zo Alhamis ta gaba ba.

Ranar Litinin Madam Karen ta same ni da wata tsohuwar takarda a hannu. Ashe wanda ya fara karɓar kwalayen a sito, shekaru da suka wuce, ya ƙirga ganyen kowane ƙunshi ya rubuta. Kafin ta sa hannu a rahoton aikin sai ta bi lissafinsa tana gwadawa da nawa. Ko'ina ya yi daidai sai wuri guda.

Ta ce, "Kwali na talatin da ɗaya, ƙunshi na biyu. Shi ya ce ashirin da shida, kai ka ce ashirin da uku. Wataƙila shi ya yi kuskure. Ka san wani abu a kai?"

Ta ma buɗe mini ƙofar tsira da kanta. Da na ce ban sani ba, da ta rubuta kuskuren mutumin da ya riga ya mutu, a wuce wurin. Na yi ƙarya sati bakwai ga tsohuwa, amma a ranar harshena ya ƙi. Na tashi na jawo aljihun, na ɗauko fayil ɗin na ajiye a gabanta.

Ta sa tabarau ta karanta a tsaye. Da ta kai ta uku sai ta nemi kujera. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa mata.

"Don me?"

Na yi mata bayanin babana da wankan gawa da rufin asiri, da Turancin da ya gudu ya bar ni. Na ce ban so Kaka Nora ta ji kunya ba.

Ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kunya? Nuhu, Nora ta san da haka tun kafin a haife ka. Wa ya taɓa tura 'yar gida ta halak a jirgi ita kaɗai ta je ta yi wankau? Ta sha faɗa mini, kakarta 'yar 'yar aiki ce, ba ta da shakka. Ba sarauta take nema ba. So take ta ga shaida cewa kakarta ba maƙaryaciya ba ce, don ta yi mata dariya tana yarinya kuma abin bai bar ta ba shekara tamanin. Ga shi nan, an haife ta a ɗakin sama. Kalmar da take nema ke nan, kai kuma ka kulle ta a aljihu."

Na ce a ba ni in kai mata yanzu-yanzu.

Ta ce, "Hawan jini ya buge ta ranar Laraba, ɓarin jikinta ya shanye. Tana asibiti. Ba ta magana, ba ta gane kowa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Madam Karen ba ta kira 'yan sanda ba, ko da yake tana da iko. Ta ce ta yarda ni ba ɓarawo ba ne, ta ma yarda da alheri na nufa. "Amma takardar da ke kan teburina cewa take yi na amince maka da amanar takardu. Ba zan iya sa hannu a kanta ba. Yau ka ɓoye don tausayi. Ban san abin da za ka ɓoye gobe ba, kuma yanzu sai na sa wani ya sake bin kwalaye talatin da biyar ganye-ganye." Na roƙe ta. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na durƙusa a kan simintin siton nan na ambaci Hafsa. Idonta ya kawo ruwa, ta ce in tashi don Allah, ba a yin haka a nan. Ta karɓi makulli da katin shiga. Abu ɗaya ta yi mini, ta ba ni hoton takardun uku ta faɗa mini asibitin.

Anti Saratu ce ta kai ni washegari da rana, ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, wanda ya fi mini ciwo. Kaka Nora tana kwance ta ƙanƙance, gefen bakinta ya karkace, idonta a buɗe yana kallon silin. Na ja kujera na ce, "Kaka, Nuhu ne." Na karanta mata takardun ɗaya bayan ɗaya a hankali. Na maimaita wurin ɗakin sama sau biyu. Na ce, "Kaka, gaskiya Brigid ta faɗa. A babban gidan aka haife ta. Na gani tun tuni, ni na ɓoye miki. Ki yafe mini." Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Anti Saratu ta duba idonta irin na masu aikin, ta girgiza mini kai. Muka zauna kamar rabin awa, wata nas ta zo ta ce lokacin juya ta ya yi.

Sauran kwanakin izinina ba su kai a nemi wani aiki ba, balle a sami mai tsaya mini. Na gwada duk da haka, wurare biyar, kowanne ya tambayi wanda zai ba da shaidata daga aikina na baya. Kaka Nora ta rasu a sati na biyu. Ban je jana'izar ba, ban ga da wace fuska zan je ba.

Kwana goma sha ɗaya ina ɗaga wayar Rakiya ina ce mata aiki ya yi yawa. Rana ta sha biyu na je Laurel karɓo takalmina da dardumar sallata da na manta a sito, na fito na zauna a bencin tashar jirgi da la'asar, na kira ta. Na faɗa mata komai tun daga kwali na talatin da ɗaya. Ba ta katse ni ba. Ina jin Hafsa a kusa da ita tana buga wani gwangwani.

Na kai ƙarshen labarin. Sai ta ce, "Malam, ai abin da Baba zai yi ka yi."

Na ce, "Shi ne ya kashe mu, Rakiya. Dawowa zan yi."

Ta ce, "To. Allah ya kawo ka lafiya." Sai ta ƙara da cewa, "Sai dai ban san yadda zan fita tsakar gida ba. Tun ranar da ka ce an gama na bi dangi gida-gida na yi sallama, har Funtuwa na je. Na ba maƙwabciyarmu Asabe gadona da kwanukana. Keken ɗinkin ma na sayar, na yi wa Hafsa rigunan sanyi guda huɗu. Jiya ta kwana da ɗaya a jikinta, ta ƙi a cire, duk ta yi ƙuraje."

Jirgin Washington ya zo ya tsaya, mutane suka shiga, ya tashi. Ina riƙe da wayar a kunne, ita ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba.